Rasuwar Dattijo, Injin Da Ƙanƙara Ta Shaƙe A Saman Paiko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Irimiya na Ketaren Gwari, tare da maiɗakinsa Hannah da 'yarsu Mabel, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Dattijo, injin ƙaramin farin jirgin saman nan da kuka saba gani yana ratsa Minna da safe. Ya cika a cikin gonar doya kusa da Paiko, bayan gajeruwar rashin lafiya da ta kama shi a sama, alhali Mabel ce ke tuƙi. Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Iyalin suna godiya da bai haɗa da matuƙiyar ba.

Marigayin na wani kamfanin noma ne mai ɗaukar hoton gonaki daga sama, amma a hannun Irimiya ya tsufa. Irimiya da gyaran janareto ya fara, sai da furfura ta fito masa sannan ya koma aji ya samo takardar taɓa injin jirgi. Tun daga nan bai yarda wani ya kusanci Dattijo da sufana ba.

Marigayin mai tsari ne. Silinda huɗu gare shi, biyu dama biyu hagu, kuma kowane fistin a ciki ya san aikinsa: ya shaƙo iska da mai, ya matse su, wuta ta tashi ta banko shi, ya tura hayaƙi waje. Haka suke karɓa-karɓa suna juya karanshaf, shi kuma yana juya farfela. Bai taɓa roƙon ruwa ba, domin ba shi da lagireto, iskar da ke ratsa haƙarƙarinsa ita ce fifitarsa. Bai jingina da batir ba. Maganeto biyu ke haifa masa wuta, kowace silinda da fulogi biyu, in ɗaya ya yi gardama ɗan'uwansa ya riƙe gida. Sheshi, mai zuba masa mai, yakan ce da wutar gari haka take, da masu sayar da janareto sun koma gona.

Kowace safiya Mabel takan tayar da shi, ta gwada maganeton hagu shi kaɗai, ta gwada na dama. Irimiya yana tsaye a gefen fiffike, ido a rufe. In Dattijo ya ce “gurrr-gurrr-gurrr” ba tare da in'ina ba, sai ya ɗaga hannu. Sai an ɗaga hannun nan Mabel ke sakin birki. Ranar ajalin ma ya ɗaga, domin muryar ras take.

Ciwon da ya ɗauke shi, in aka faɗa a Minna sai a yi dariya: ƙanƙara. A cikin kafireto akwai wani siririn maƙogwaro inda iska ke gudu tana haɗuwa da mai. Wurin yakan yi sanyi ƙwarai, ko da rana tana gasa mutane a ƙasa. In iskar ta jiƙe, kamar ta damina, sai raɓar da ke cikinta ta daskare, ta yi ta taruwa har ta toshe hanya. Akwai maganinsa, wani ɗan maɓalli kusa da hannun matuƙi, in an jawo shi sai iska mai ɗumi ta shigo daga jikin salansa. Amma wa zai ƙara wa inji zafi a garin da ƙwai ke iya dahuwa a kan mota? Sheshi yana kiransa kayan Turawa. Mabel ta karanta shi a makaranta, tana gwada shi kullum a ƙasa, amma a sama ba ta taɓa bukatarsa ba.

Ran nan an kwana ana ruwa. Ta gama aiki, ta rage wuta za ta fara gangarowa gida, sai muryar Dattijo ta dusashe. Ta tuna karatu, ta jawo maɓallin. Maimakon sauƙi sai ya sarƙe: “Kuf! Kuf-kuf! Kaf!” Jirgin duka ya hau kyarma. Ashe haka maganin yake, ƙanƙarar ce ke narkewa, injin yana haɗiyar ruwan, dole ya yi tari kafin ya washe. Littafi ya faɗa, amma littafi ba ya kyarma. Ta ɗauka ita ke kashe shi, ta mayar da maɓallin. Ya ce “fut... fut...”, daga nan sai kukan iska.

Ta hango gona, ta nufe ta. Tayoyi suka yi ta cin karo da kunyoyin doya, hancin jirgin ya duƙa, farfela ta sari ƙasa, karanshaf ya lanƙwashe. Nan Dattijo ya cika. Mai gonar, wani tsoho, ya iso da fartanya a kafaɗa, ya leƙa ya ga tana motsi, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Sannu yarinya. Kai ne ya faɗo daga sama? To fito a hankali, kar ka taka sauran doyan.”

Irimiya ya kwance gawar da hannunsa. Mai tsaf, fulogi tsaf, kafireto a bushe kamar ba a taɓa shiga ba. Mai kisan ya narke tun kafin a iso. Abin da ke hana shi cin abinci ke nan. Da bawul ne, da ya ji shi. Da fulogi ne, da ya ji shi tun daga bakin ƙofa. Wannan kuwa ba ya zama a ƙasa inda kunne zai kama shi, a can yake jira, cikin gajimare, inda uba ba ya zuwa.

Marigayin ya bar maganeto biyu cikin ƙoshin lafiya, da fulogai marayu, da farfela wadda ta karye a hannu guda. Ya kuma bar ƙaninsa, Auta, injin ɗaya jirgin kamfanin, mai kafireto iri ɗaya da maƙogwaro iri ɗaya. Shi Mabel za ta hau ranar Alhamis, damina kuwa ba ta tafi ba.

Hannah ta ce, “Baban Mabel, kai ne fa mai ɗaga hannun nan. Ka bar shi a aljihu mu ga ta inda za ta tashi.”

Mabel ta ce, “Baba, in ban hau wannan makon ba, na sauka ke nan har abada.”

Tun ranar, in an gama cin tuwo, Irimiya yakan miƙa wa Mabel muciya ya ce ita ce maɓallin, ta ja ta riƙe. Shi kuma ya zauna gabanta ya yi ta tarin marigayin, kuf, kuf-kuf, kaf, yana girgiza kujerarta da ƙafa, har idonsa ya kawo ruwa. In ta sassauta hannu, a koma farko. Maƙwabta sun aiko da zuma da citta, an gode, amma ba mura ba ce.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe a rumfar jirage. Sheshi zai zare baƙin mai, a yi wa marigayin wanka da kananzir, a kwantar da shi a kan tsohuwar taya, a rufe shi da tamfol. Ba za a karɓi doya a matsayin gaisuwa ba. Mai makoki, Malam Irimiya, zai ɗan makara, domin zai tsaya a gefen fiffiken Auta tukuna, kuma ya ce in muryar ta fita ras, zai ɗaga hannu.

Zaman makoki zai fara da zarar jirgin ya ɓace wa ido. Ana roƙon masu ta'aziyya su kashe wayoyinsu, kada a yi kuka, kada a yi waƙa, mai tari ya fita waje. In kun gaishe da Malam Irimiya bai amsa ba, ku yi masa uzuri, kunnensa yana sama. Ba za a shafa addu'a a watse ba sai tayoyin Mabel sun taɓa ƙasa.