Motar Evelio Ta Yi Shiru

"Sannu da hutawa, amaryata. Yau kuma ango ya dawo babu ko ƙamshin gahawa?"

Saura kaɗan Onelia ta faɗo daga kujerarta mai lilo. Ina barandata ina shanya, kuma ni Migdalia ba na ɓoye halina: shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka da tsohuwar nan a garin Placetas, babu maganar da aka taɓa yi a ƙofar gidanta da ta wuce kunnena. Idonta ya tafi shekara huɗu da suka wuce, amma kunnenta ya fi nawa. Kullum ƙarfe biyar na yamma, tun motar jikanta Osmel tana kwanar gidan burodi take jiyo ta, gwaram-gwaram, sai ta miƙe ta ɗora gahawa. Motar ta marigayi mijinta Evelio ce, tsohuwar Chevrolet da ta girmi uban Osmel, da ita yake jigilar fasinja zuwa Santa Clara. Cikin jikokinta bakwai shi kaɗai ya rage a ƙasar. Sauran shida duk hanya ɗaya suka bi: a sayar da abin da aka mallaka a ɓoye, a zo a sumbaci kaka, a hau jirgi. Yau kuwa ga mota ta tsaya a ƙofar gida babu wanda ya ji zuwanta, har ni, sai muryar Osmel kawai muka ji a kanta.

"Wane ɓarawo ne yake min sanɗa da rana tsaka?"

"Ɓarawon zuciyarki ne, Kaka."

"Zuciyata tana da ƙofa, ƙwanƙwasawa ake yi. Da ƙafa ka zo?"

"Da mota mana."

"Motar wa?"

"Motar mijinki na fari, wadda na gada tare da matarsa."

"Ƙarya kake, ja'iri! Motar Evelio in ta taso daga Santa Clara, kajin unguwar nan ne suke fara gudu. Motar da mace take shiga da madara ta fita da man shanu?"

"Ai masu madarar ne suka kawo ƙara, shi ya sa na gyara."

"Me ka gyara?"

"Robobin da inji yake zaune a kansu, duk sun mutu, ƙarfe ne yake dukan ƙarfe, shi ya sa take ƙara. Na sauya su, na sauya robobin bushin na ƙafafun gaba da na baya. Tun jiya ina ƙarƙashinta. Taɓa hannuna ki ji, har yanzu baƙin mai bai fita ba."

"Ba zan taɓa ba. Hannun da ko wake bai iya tsincewa shi ne zai ɗaga inji? Kai da aka yaye ka da ƙyar, kana da haƙori goma sha biyu kana bin uwarka kana kuka?"

"Ke kika hana a yaye ni, don kada in yi ƙarfi in kori tsohon mijinki."

Ba ta yi dariya ba. Kujerar ta daina lilo. Na san tsohuwar nan, in ta kira shi da sunansa na yanka to wasa ya ƙare.

"Osmel."

"Na'am, Kaka."

"Wa ka sayar wa?"

"Me fa?"

"Kada ka maishe ni yarinya. 'Yar'uwarka Yanelis da sayar da firji ta fara. Dairon da babur ɗinsa. Kowannensu da irin fara'ar nan taka ya zo min, da motar aro. Ni dai faɗa min ranar jirgin, in san kwana nawa ya rage mini."

Rigar da ke hannuna na ajiye. Gaskiya tausayinta ya kama ni, don ni ma ɗana da injin ɗinki ya fara. Osmel ya durƙusa ya kama hannunta.

"In tafi in bar wa wa ke? Duk garin nan wa zai iya da bakinki? Tashi ki gaisa da motarki."

"Ba na gaisawa da baƙi."

Tana faɗa tana miƙewa. Ya riƙe ta suka sauko matakala a hankali saboda ƙugunta, ya ɗora tafinta a ƙofar direba, ya ja shi zuwa baya.

"Wannan lotsawar fa, wa ya yi ta?"

Yatsunta suka shiga cikin ramin suka tsaya.

"Bishiyar mangwaron ce ta shigo hanya."

"Kaka Evelio ya ce sau uku yana ce miki birki, ke kuma kina taka totur kina kiran sunan tsarkaka."

"Shi ya iya koyarwa ne? Mutum yana ihu kamar an taka masa yatsa! Kuma lotsawa ai kowace mota tana da ita. Ɓarayi ma sun iya lotsa mota."

"To shiga ki zauna."

Ta shiga gefen fasinja. Ko gama zama ba ta yi ba ta zabura.

"Wayyo! Wannan la'anannen ƙarfen kujerar yana nan?"

"Shekara hamsin yana jiranki. Shi kaɗai na bari, don ku saba."

Ya tayar da inji. Motar da a da sitiyarinta yake rawa kamar mai zazzaɓi, yau sai wani gurnani ƙasa-ƙasa. Onelia ta ɗora hannu a gaban motar tana saurare, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Jikin nata ne. Muryar ba tata ba ce."

Sai ya miƙa hannu baya ya ɗauko wata jaka, ya zazzage mata a cinya. Tsofaffin robobin ne da ya cire, baƙaƙe, sun tsattsage. Ta ɗauki ɗaya tana juyawa, ta bi gefensa da babban yatsa, ta daɗe a kai.

"Wannan yankan Evelio ne. Ji yadda ya karkace, ai bahago ne. A shekarun da ko allura babu a kanti, tayar tarakta ya samo, ya zauna a kan matakalar can. Ni nake gasa masa wuƙa a wuta yana yankawa. Wuƙata ta nama, mai ƙotar ƙaho. Ya ce zai sayo min sabuwa, har ya mutu ina jira."

"Da ita na yanka sababbin. Tayar babbar mota na samu, na gasa wuƙar kamar yadda ya koya min."

"Kai ka ɗauke min wuƙa? Kwana biyu ina zagin Migdalia a zuciyata!"

"Na ji, Onelia!" na ɗaga murya daga baranda. "Allah ya isa wuƙar da ban ci naman ba!"

"Ke kuma wa ya sa da ke? Koma shanyarki!" Ta juyo wajen jikanta. "To ɗan nema, wa ya aike ka? Shekara nawa tana kukanta ba ta dami kowa ba."

"Ranar Lahadi Kaka Evelio zai cika shekara tara da rasuwa. Bara da na kai ki kabarinsa a Báez, mako guda kika yi a kwance saboda ramukan hanya. Bana kika ce ba za ki je ba, wai kin gaji da shi."

"Na gaji da shi mana. Mutum ana masa magana ba ya amsawa."

"Ƙugunki ne ya gaji, Kaka. Yanzu ko ƙwai kika riƙe a cinya ba zai fashe ba. Zan kai ki ki gaishe shi, amma da sharaɗi: minti talatin. Ina da kishi."

Ta tattara robobin ta mayar cikin jaka, ta rungume a ƙirji.

"Ka yi wa ƙuguna gata, ka yi wa kunnena sata. Ni ba agogo nake gani ba, yaro. Ƙarar nan ita ce take faɗa min yau ma ba ka tafi ba. Yanzu da me zan sani?"

Kafin Osmel ya buɗe baki, ta lalubi ƙofar motar.

"Fitar da ni daga wannan akwatin gawar."

Ta shiga gida tana lalube, ta ƙi yarda ya bi ta. Muna jin ta tana buɗe durowa tana rufewa. Can ta fito da wani tsohon gwangwanin madara, ta girgiza shi: notocin Evelio ne a ciki, da wasu cokula biyu da ta ƙara.

"Ungo tukuicinka. Ɗaure shi a ƙarƙashi."

"Kaka! Kwana biyu ina wahala don ta yi shiru! Fasinja za su ce ban iya aiki ba."

"Fasinja ne suke dafa maka gahawa?"

"Direbobi za su yi min dariya a tasha."

"Da ma suna yi, saboda kunnuwanka."

Ya dube ta, ya dubi gwangwanin, sai ya fashe da dariya har yana dafa mota.

"Kin ci, amarya. Migdalia, ara min waya."

Na ciro guntuwar wayar shanyata na jefa masa. Ya kwanta a ƙasa da rigarsa mai kyau ya ɗaure gwangwanin kusa da salansa, ya fito yana kaɗe ƙura.

"To je ka zagayo, ka shigo kamar mutumin kirki," in ji ta.

Ta koma kujerarta, jakar robobin a cinya, ta karkatar da kai. Titi ya yi tsit. Can daga kwanar gidan burodi sai ga shi, ƙarau-ƙarau-ƙarau, kajin unguwa suka watse.

Onelia ta goge ido da gefen rigarta, ta dafa hannun kujera ta miƙe.

"Kin ji, Migdalia? Bari in ɗora gahawa. Mai gidan ya dawo."