Rasuwar Mbok Putih, Matatar Ruwan Gidan Kasmuri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai ɗanɗanon gishiri, ni Kasmuri ɗan Tarwi, a madadin matata Ngatmi da jikarmu Laras, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa miƙo kofi ta tagarmu, rasuwar matatar ruwan gidanmu, wadda aka fi sani da Mbok Putih, wato Farar Uwa. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, a rataye a bangon kicin inda ta yi duk rayuwarta. Shekararta shida. A ƙauyen da teku ke cin ƙarfe kamar tuwo, wannan tsufa ne.

'Yarmu Wartini ce ta kawo ta, satin da za ta tafi Taiwan aikin jinyar tsofaffi. Abu biyu ta ajiye mana: matatar, da Laras tana koyon tafiya. Iyayen mijinta suna can kan tudu a Ungaran, ruwansu daga dutse yake fitowa, kuma sun so a ba su yarinyar. Wartini ta zaɓe mu, amma ta faɗa mini ido cikin ido, ta kira ni Pak, wato baba, yadda ake kiran kowane magidanci a nan: "Pak, ranar da ruwan gidan nan ya lalace, ranar Laras za ta hau tudu." Na ce na ji. Tun daga nan marigayiya ce ke riƙe da jikata, ni kuma ina riƙe da marigayiya.

Ta kasance mai haƙuri, marar surutu. In ta fara aiki sai ta ce hmmmm, sannan ɗis, ɗis, ɗis cikin tanki, in ya cika ta ce tak, ta yi shiru. Da wannan ɗis ɗin Laras ke barcin rana. Ruwan rijiyarmu ko akuya ba ta sha, amma marigayiya takan karɓa ta fid da mai daɗi kaɗan, sauran ta zubar ta bayanta mu goge ƙasa da shi. Ba ta taɓa haɗa mai kyau da marar kyau ta ce mu yi haƙuri ba.

Ni ma ban ci amanarta ba. Kowace Juma'a kafin masallaci ina buɗe mata hanyar baya ta wanke cikinta. Matacin auduga in ya yi kalar shayi na canza. Tantaninta kuwa, siririyar fatar nan da ke naɗe cikin dogon bututu, wadda ita ce ranta, jiƙa shi nake cikin ruwan tsami, ba buroshi ba sabulu. Ngatmi takan tsaya a kaina ta ce, "Pak, ko kofi ba ka taɓa wanke mini ba, ga ka durƙushe gaban roba." In ce, "Bu, uwargida, ke ai kina iya wanke kanki."

Duk wanda ya san gidanmu ya san sau uku muna cika ƙasansa da yashi don gudun teku, rufi kuwa yana inda ubana ya bar shi. Duk cikawa sai in ɗaga marigayiya sama, har kanta ya tokari katakon rufi. Yanzu a sunkuye nake shiga gidana. Ni da ita, ba sauran sama.

Ciwon ajalinta ya fara ne da babbar ambaliyar watan jiya, da teku ta shiga rijiya ta kwaso har da ƙazantar bayan gida. Ɗis ɗinta ya yi nisa da juna. Ta fara tari, khk, khk. Na jiƙa, na wanke, ta ɗan farfaɗo.

To kun san al'adarmu. Bayan kowace ambaliya mazan layi kan fito gayya, a bi rijiya-rijiya ana zuba farar hodar kashe ƙwayar cuta. Ni nakan tsaya a bakin tawa, in rufe wa marigayiya baki har warin ya fita, don hodar nan ƙona tantani take. Wannan karon ina can ina kwasar kifin ɓawo, don janyewar teku ba ta jiran kowa. Maƙwabcina Lek Sarpan ya zuba, har ya ninka, bakin marigayiya kuwa a buɗe. Da na dawo ya tare ni yana murna: "Kang, yayana, rijiyarka na fi zuba wa, saboda Laras." Matacin gawayin da ke cikinta, wanda zai tare hodar, ya riga ya gaji. Me zan ce wa mutumin da ya kashe mini abu don alheri?

Bayan 'yan kwanaki sai ga ruwa yana fita shaaa, yadda bai taɓa yi ba. Ngatmi ta yi ta kirana, "Pak, ta warke!" Ni na yi jinyar ubana. Shi ma ana gobe zai tafi ya tashi zaune ya ce a ba shi shinkafa. Laras ta tara kofinta ta kurɓa, ta yamutsa fuska: "Mbah, kakana, wa ya sa wa ruwa gishiri?" Tantani ya huje, komai wucewa yake. Yarinyar ta yi gudawa, ta tashi, alhamdu lillahi.

Mai gyara ya zo daga Semarang, ya tsoma abin awonsa a rijiya, ya ce, "Pak, ko sabo na sa, ba zai kai wata biyu ba. Wannan ba rijiya ba ce kuma, teku ce mai murfi." Ruwan sayarwa kuwa a kwale-kwale yake zuwa tun da titi ya nutse, ranar iska ba ya zuwa. Da kaina na buga wa Wartini waya. Ta yi kuka, sannan ta ce Lahadi.

Marigayiya ta bar tanki ɗaya, da mabuɗin roba, da matacin auduga sabo fil da ba ta samu sawa ba, da tsofaffi biyu.

Masu cewa Kasmuri ka bi jikarka, na gode. In bi ta in kama me a tudu, ayaba? Wa zai sayi gidan da ake shiga a sunkuye? Gonar kifina yanzu hanyar kwale-kwale ce. Kabarin ubana sai teku ta janye nake ganin kansa, kuma in na tafi ba mai kankare masa ɓawon kifin da ke manne masa.

Game da jana'iza, na tambayi Pak Modin mai kula da mamatanmu. Ya ce, "Kasmuri, ka ji tsoron Allah, roba ce." Na ce to a ba ni ƙasa kawai. Ya ce, "A ina?" Gaskiyarsa. Mutane ma a kwale-kwale muke kai su wani gari. Saboda haka ba za a binne ta ba. Za ta zauna a bangonta, kamar mu.

Za a karɓi gaisuwa ranar Lahadi in teku ta janye, lokacin da mutanen Ungaran za su iso ɗaukar Laras. A sunkuya a ƙofa. Ba shayi, kowa ya zo da ruwansa. Lek Sarpan, ka zo, ba fushi nake ba, kuma kai za ka ɗauki jakar yarinyar ka haye da ita gadar gora, don ni ba zan ɗauka ba.

Kada kowa ya taɓa jan kofin da ke rataye a famfon marigayiya. Laras ce ta rataye shi, wai in Mbok ta tashi a tara mata ta dawo ta sha. Na ce mata to.

Mai sanarwa,
Kasmuri ɗan Tarwi.