Ƙofar Fita ta Ɗakin Man Shafawa

Jama'a, ku yi mini uzuri in kun ga rubutun yau ya ɗan karkace. Da ido ɗaya da rabi nake yinsa, saboda wani ƙulu da ya fito mini a goshi, ya sauko har yana leƙen girar hagu. Ba faɗa na yi ba, ba kuma babur ne ya kwashe ni ba. A cikin gidana, da safiyar Allah, na buɗe ƙofa na sa kai zan fita, bango ya ce bai san zancen ba. Kada wani ya ce tsufa ne. Ƙofar ta gaske ce, da ƙyaurenta da mariƙinta, har da koren allo a samanta an rubuta FITA. Bangon da ke bayanta ma na gaske ne, goshina shaida. Kuma dukansu biyu da izinin hukuma aka yi su.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Maman yara man shafawa take haɗawa. A kicin ta fara, da 'yar tukunya, man kaɗanya, man kwakwa, kakin zuma da ɗan turare. Daga baya ta je ta koyo abin a wurin masu koyarwa, ta dawo da wani ɗan sikeli da ko ni ba ta yarda in taɓa. Tun daga ranar aka daina zuba abu da ka a gidan nan, komai sai an auna. Ita ta sanar da ni cewa muddin ruwa ya shiga haɗi, sai an sa sinadarin da zai hana shi funfuna, in ba haka ba cuta ka sayar wa mutane a roba mai kyau. Takan ajiye roba ɗaya a taga rana ta yi ta dukanta, wata a firji, ta yi ta leƙawa ko mai zai rabu da ruwa. Sabon haɗi kuwa ba ya fita gidan nan sai ya bi ta damtsena. Ni ne ɗakin gwaje-gwajenta, shi ya sa hannuna na hagu ya fi na dama laushi nesa ba kusa ba. Akwai haɗin da ya taɓa sa ni susa kamar mai ƙazuwa. Ta zubar da tukunyar gaba ɗaya, ta yi wa tukunyar jaje, ni ko sannu ban samu ba.

Shekara da shekaru tana yawo da robobinta a jaka, gida gida, ofis ofis. Sai ga shi mai wani katafaren kanti ya aiko, wai matarsa ta gwada man ta yaba. Ya ce zai ba Maman yara kanta guda sukutum a sabon reshen da zai buɗe, da sharaɗi ɗaya: kowace roba ta zo da lambar rajista ta hukuma kafin ranar buɗewa. In ba lamba, masu jiran kantar suna nan a layi. Ranar baiwar Allah nan ko abinci ba ta iya ci ba don murna. Burinta ke nan tun fil azal, ta ajiye jakar nan da ta karkatar mata da kafaɗa.

Muka shirya muka tafi ofishin da ke ba da lamba. A bakin ƙofar ofishin, wallahi ba ƙari, wani mutum ya baje tebur da mayukan canza launin fata, ba suna, ba lamba, suna ta narkewa a rana, ma'aikata na tsayawa suna taya wa matansu. Na buɗe baki zan yi magana, Maman yara ta taka mini ƙafa. A ciki aka gaya mana lambar ba ta fita sai manya uku daga ofisoshi uku sun zo sun ga wurin aiki, kowa ya sa hannu.

Na farko da ya iso shi ne Mai Girma Babban Mai Leƙa Tukunya, Allah ya ƙara masa tumbi. Yana shiga ya ce haramun ne a haɗa man shafawa a inda ake dafa abinci. Gaskiya ya faɗa, na kuma mara masa baya da ƙarfi, ina gyaɗa kai ina cewa ai na daɗe ina faɗa mata. Ban ankara ba idonsa ya sauka a kan ɗakina, ɗan ɗakin da nake ajiye kujerata da rediyona da tsofaffin jaridu, inda nake ɓuya in yara sun isheni. Ya ce wannan ya yi daidai. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kafin la'asar kujerata tana baranda.

Aka sa tayil, aka shafa farin fenti, aka sa raga a taga, aka kafa wurin wanke hannu. Duk wannan ban ce uffan ba, domin abin da mutane za su shafa wa jariransu ya cancanci tsafta. Da ya dawo sai ya ce saura abu ɗaya: ɗakin sana'a ƙofa biyu ake yi masa, kayan haɗi su shigo ta ɗaya, wanda aka gama ya fita ta ɗaya, kada su haɗu a hanya. Ya sa direbansa ya ɗauki kwali guda na man a matsayin samfuri, ya tafi.

Muka kira magini. Ba-Komai ake ce masa, don ko ce masa ka yi ya ɗora maka bene a kan kejin kaji, abin da zai ce ke nan. Ya dubi bangon ya ce ba komai, ya sa guduma. Ƙofa ta fito fes, tana kallon lungun da ke gefen gida.

Sai ga na biyu, Sarkin Yaƙi da Ƙudaje, daga ɓangaren masu kula da tsafta. Ya leƙa ta sabuwar ƙofar, ya ga kwatar da ta bi ta lungun, ya toshe hanci da hankici. Ya tambayi wane jahili ne ya ce a buɗe ƙofa a nan. Na ce ranka ya daɗe, wani babba ne irinka. Ya ce shi bai san wannan ba, ƙura da ƙuda ta nan za su shigo, in ba a toshe ba hannunsa ba zai taɓa biro ba. Shi ma ya tafi da kwalinsa. Ba-Komai ya dawo ya ce ba komai, ya jera bulo ya yi filasta.

Filastar ba ta gama bushewa ba na uku ya sauka, Magajin Hayaƙi, mai kula da kada mu ƙone. Ya ga murhun gas da tukunyar kaki, ya juya ya ga ƙofa ɗaya tal, ya riƙe baki. Ya tambaye ni ko na gaji da matata ne. In wuta ta tashi ta bakin ƙofa, ta ina za ta gudu? A fasa bangon nan yau yau. Me gobara za ta yi da samfurin man shafawa, wannan ilimi ne da ya fi ƙarfina, amma shi ma bai fita hannu rabbana ba.

To daga nan fa aka shiga wasan. In an fasa, mai ƙudaje ya ƙi sa hannu. In an toshe, sauran biyun su janye nasu. Kowannensu in ka saurare shi shi kaɗai, sai ka rantse ya fi kowa gaskiya, matsalar dai ba sa magana da juna, ofisoshinsu kuwa bene ɗaya suke. Ba-Komai ya daina wahalar da kansa da siminti mai yawa, yana ɗan lallaɓa bulon ne yadda gobe zai ciru da sauƙi. Ya bar kayan aikinsa a gidanmu, yarana suka fara ce masa Kawu, aka fara zuba abinci da shi. Maƙwabcina tela, wanda shagonsa ke kallon lungun, ya kira ni gefe da fuskar tausayi ya ce in ina so zai ɗinka wa bangon zif, mu huta. Na yi dariya, amma ta ciki na ciki.

Ana cikin haka mai kanti ya aiko cewa an gama fenti, an fara kafa kantoci, ina lamba? Na shigo da rana na tarar da Maman yara zaune a kan bulo a tsakiyar ɗakin, ƙurar siminti ta rufe mata hular aiki, tukwanenta a kife an lulluɓe da leda, tana kuka ba sauti. Matar da ta haifi 'ya'yana ba ta yi mini raki ba, yau ga ta tana kuka a kan ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan kama. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ne ya kawo mu nan. Ta share fuska da bayan hannu, ta ɗauki waya, ta kira manyan nan ɗaya bayan ɗaya, ta gayyaci kowa rana ɗaya lokaci ɗaya, ba ta gaya wa kowa cewa da 'yan'uwansa za a yi ba.

Suka zo kuwa, mota na bin mota. Ta sa Ba-Komai ya bar bangon rabi a buɗe rabi a toshe, daidai ƙugu. Da farko gaisuwa ta yi gaisuwa, ranka ya daɗe na gudu ranka ya daɗe na bin sa. Da aka zo kan bango sai murya ta fara tashi. Wannan ya ja sashen doka, wancan ya ja ƙaramin sashe, aka koma gardamar wane ofishi ne ya girmi wani. Ita kuwa tana tsaye a gefe da farar riga da safar hannu, ta buɗe roba ɗaya a kan faranti, ta jera kwalaben kayan haɗinta a kan tebur, tana jiran wani ya tambaye ta me ta zuba, nawa ta zuba, yaushe zai lalace. Ta kwana biyu tana bitar amsoshin nan a kaina.

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai suka yi abin da manya ke yi in sun rasa abin yi, suka kafa kwamiti. A barandata aka zauna, shugaba a kan kujerata, aka sha lemo. Sannan aka kira mu aka karanta mana matsaya: za a kafa ƙofa da allon FITA, domin mai tukunya da mai hayaƙi su ga ƙofa. Za a kuma gina bango a bayanta, domin mai ƙudaje ya ga bango. Kowa ya samu abin da littafinsa ya ce.

Na yi ta maza na ce, "Ranku ya daɗe, to wa zai bi ta cikinta?"

Shugaba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, batun wucewa ba ya cikin hurumin wannan kwamiti."

Ba-Komai kansa sai da ya cire hula ya sosa ƙeya, kafin ya ce ba komai a hankali, kamar mai ta'aziyya. Kafin su gama lemonsu ya ɗaga bango ya rataya ƙyaure. Suka zagaya suka duba, suka yaba da aiki, suka sa hannu su uku reras, har da ɗaukar hoto a gaban ƙofar.

Maman yara ta matso da farantinta ta tambayi sakamakon gwajin kwalayen da aka yi ta kwasa. Aka ce mata na'urar gwajin tana nan sabuwa dal a cikin ledarta, ana jiran wani babba ya samu sarari ya zo ya yanke mata ƙyalle, amma kada ta damu, tunda ɗaki ya cika ƙa'ida lamba za ta fito. Magajin Hayaƙi ne na ƙarshen fita. Direbansa na cusa wani kwalin a bayan mota, ya waiwayo da fara'arsa ya ce, "Af, Hajiya, wai sabulu ne kike yi ko me?"

Ta mayar da murfin robar ta rufe, ta shige ciki.

Lamba dai ta fito, Allah ya saka wa manyanmu da abin da suka shuka. Aka buga ta a jikin robobi, mai kanti ya cika alkawari, yau da safe motarsa ta zo ɗaukar kaya. Maman yara ta ɗora mini kwali a hannu ta ce in yi sauri. Ni kuwa mutum ne mai bin doka. Kayan da aka gama ne a hannuna, na ɗaga kai na ga FITA, na ja ƙyaure da ƙafa na sa kai. Ƙarar da goshina ya yi har tela sai da ya leƙo ta taga yana tambaya ko an sake fasawa ne.

Ta rugo a guje, ta fara duba kwalin tukuna, ta ga ba abin da ya fashe, sannan ta waiwayi mijinta. Ta zaunar da ni a ƙasa, ta buɗe roba ɗaya mai sabuwar lamba, ta lakato tana murza mini a goshi. Na zaci dariya za ta yi. Sai na ji ta ce, can ƙasa ƙasa, "Baban yara, da mutum ɗaya ya tambaye ni me ke cikin man nan, da na fi jin daɗin lambar."

Yanzu haka kayanta na jere a sabon kanti, jakar yawo na rataye a ƙusa, ƙulun ma ya fara saɓewa. Saboda haka ina sanar da masu girma cewa in har yanzu ba a yanke wa na'urarsu ƙyalle ba, an dai yi wa man gwaji guda, sakamakon yana nan a goshina, kuma ba sai sun zo da direba ba. Su shigo ta ƙofar shiga. In za su tafi, zan buɗe musu wadda suka sa wa hannu.