Ragon da na ɗaure wa teku

Ba zan taɓa mantawa da ragon nan ba, kuma na tabbata da ya yi tsawon rai, shi ma da bai manta da ni ba.

Kayan wuta nake sayarwa a kasuwar Suleja. Shagon da ke jikin nawa na Tamuno ne, mutumin kudu, mai gyaran janareto, wanda ya daɗe a garinmu har Hausa ta zauna a bakinsa. Duk Babbar Sallah a gidana yake cin nama, duk shekara kuma sai ya ce saura ni in je garinsu Kirsimeti. Nakan ce masa in Allah ya yarda, irin wadda mutum ke faɗi alhali ba shi da niyya. To, lokacin da maiɗakina ta sha wuyar haihuwa, Tamuno ne ya rufe shago ya je ya ba da jininsa. Daga nan na ji kunyar sake ba shi wannan amsa.

Zuwa hannu rabbana ba zai yiwu ba. Na tafi kasuwar Izom na zaɓo rago fari tas, mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda ko tafiya yake yi sai ka ce ya san kuɗinsa. Tamuno na ganinsa ya kira mahaifiyarsa a waya, ita kuma ta sanar da dangi kaf cewa bana kada kowa ya sayi akuya, ragon Arewa na tafe. Wato tun ba mu bar Suleja ba, naman Kirsimetin zuriya guda ya rataya a wuyana.

Garin nasu tsibiri ne. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, muka shiga jirgin ruwa mai inji, ni da Tamuno da rago da buhun dusa. Da aka miƙo mini rigar da ke hana nutsewa sai na ce a bar ta, ai ni na tashi ina wanka a rafin Iku, kogin Gurara kuwa na je shi ya fi a ƙirga (hoto kawai nake ɗauka in dawo). Muka yi ta ratsa ƙananan hanyoyin ruwa tsakanin itatuwa masu saiwa a waje, can sai itatuwan suka janye, ruwa ya buɗe. Na nemi ɗaya gaɓar na rasa. Ruwa ne kawai har inda ya haɗe da sama. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba, ban kuma san lokacin da na laluba na sa rigar nan ba.

Kwanakin farko baki buɗe na yi su. Gari guda babu mota ko ɗaya, babu ƙarar acaɓa. Aike ma a kwalekwale ake zuwa. Gidaje duk ƙamshin banda suke yi, mata na jera kifi a kan waya suna hira, wasu na ɓare ƙananan dodon koɗi da allura cikin saurin da ido ba ya bi. Ruwa ya kewaye su ta ko'ina, amma na sha sai wanda aka tara a duro lokacin damina. Kwakwa kuwa sai an gargaɗe ka kada ka zauna a gindinta. Ga 'yan gari sun dawo hutu daga Legas da Fatakwal da Abuja, kowane jirgi ya tsaya sai an yi guɗa da rungume-rungume. Da yamma masu waƙar coci na gwaji, muryoyinsu na tafiya a kan ruwa. Mama, mahaifiyar Tamuno, 'yar guntuwar tsohuwa mai ƙarfin hannu, ta ware mini tukunya da buta da sabuwar tabarma tun kafin in tambaya. Wallahi ta shiga raina.

Matsalar ragon ce. A bayan kicin aka ɗaure shi, ya cinye ganyen miyar Mama, ya fara taunar komar kamun kifin maƙwabci. Ranar jajiberin Kirsimeti da hantsi na ce bari in nema masa wuri mai sarari. Na ja shi bayan gidaje, sai ga wani makeken fili na yashi mai danshi, shimfiɗe sumul, teku kuwa can nesa tana walƙiya. A tsakiyar filin ga sanduna an kakkafa a jere. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe mutanen nan ma sun san turke. Na zaɓi mafi kauri na ɗaure shi da irin ƙullin da mahaifina ya koya mini, wanda ko bijimi ba ya kwancewa, na zuba masa dusa a kwano.

Kawun Tamuno na zaune a tudu yana ɗinkin koma. Ya yafuto ni, ya nuna teku, ya nuna ragon, ya ɗora hannu a ƙirjinsa.

"Water dey come reach here o," in ji shi.

Kada ku ce ban gane ba, na gane sarai. Cewa yake tekun nan da ke can nesa za ta zo har nan, har ƙirji. Sai na ɗaga kai na dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. Ga shi watan Disamba. Ni kuwa abin da na sani tun ina yaro, kogi ba ya cika sai da damina, kuma sai an kwana ana ruwa. Har na tsaya ina yi wa dattijon bayanin wannan da guntun Turancina (mutumin da aka haifa a bakin teku!). Da na ga ya nace sai na ce to Baba, yanzu zan ɗauke shi. Ya yarda da maganata, ya saɓi komarsa ya tafi. Ni ma na tafi abina, na bar ragon yana cin dusa.

Bayan azahar aka fara tseren kwalekwale a ɗaya gefen tsibirin. Na caɓa ado da farar shaddata da ta sha sitati, na kafa hula. Abin da na gani ya mantar da ni kowa da komai. Dogayen jirage, kowanne cike da maza, makaɗi na tsaye a tsakiya, filafilai na shiga ruwa su fita lokaci guda kamar hannun mutum ɗaya. A bakin gaɓa dodanni masu kan kifi suna rawa, tsofaffin mata na yi musu kirari. Ina cikin tafi Tamuno ya taɓa ni ya ce Mama na tambaya ina na kai ragon. Na gaya masa, har da yabon turakun garinsu.

Ya dubi ruwa, ya dube ni, ya zura da gudu. Na bi shi, jama'a suka bi mu, don a wurin biki in mutum biyu suka ruga kowa sai ya ruga.

Filin nan babu shi. Na rantse na ɗauka hanya muka ɓata. Inda na tsaya da ƙafata da safe teku ce ke kaɗawa, masunta sun dawo sun ɗaure jiragensu a jikin sandunan da na kira turaku. Can a tsakiya ga kwanon dusa yana yawo, ga ƙaho biyu da hanci suna ɓullowa suna nutsewa. Ƙullin mahaifina ya riƙe amana.

Na tuna dangin da aka hana sayen akuya, na tuna in ya mutu a haka mushe ne, kawai na afka. Taku kaɗan laka ta karɓe takalmana. Shaddar ta kumbura ta rufe mini kai, na kurɓi ruwan gishiri, na shiga salati da ƙarfi ina kiran sunan mahaifiyata. Da na samu na fito da kai sai na hango Mama da wata ƙawarta a ƙaramin kwalekwale sun nufo ni. Na miƙa hannu. Suka wuce ni. Mama ta sa wuƙar gyaran kifi ta datse igiyar, suka kama ƙahon suka jawo ragon ciki, sannan suka juyo ta miƙo mini filafili. Da na dafa na miƙe tsaye, ashe ruwan iyakarsa ƙirjina, daidai inda Kawu ya nuna.

Haka aka kawo mu gaɓa, ni da rago a jirgi ɗaya, kowa na tari, gari guda na kallo, har da dodo ɗaya da ya ɗage kan kifinsa don ya gani da kyau. Mama ta faɗi wata magana da yarensu, wurin ya ɗauki dariya. Na matsa wa Tamuno ya fassara.

"Ta ce ka yi haƙuri da ta fara ɗaukar ragon. Shi bai yi gardama da kowa ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige, to ƙasar ma ruwa ya cinye ta.

Kawu bai ce mini ai na gaya maka ba. Da yamma ya kama hannuna ya zaunar da ni a kan wani kifaffen jirgi, muka zuba wa ruwan ido. A gabana ya fara ja da baya a hankali, sandunan suna ƙara tsawo, yashi na fitowa, ƙananan ƙaguwa na ɓullowa daga ramuka. Tamuno ya ce haka teku take yi kullum, ta zo ta koma, da rana da dare, kuma da ita suke tsara fita su da zuwa kasuwa, har da ɗaurin aure. Duk wannan ruwa, babu hadari babu iska, a kira shi ya zo, a sallame shi ya tafi, tun kafin a haifi kakana, ni kuwa ina Suleja ban da labari. Na yi sallar magariba a wurin da idanuna cike da hawaye.

Da safe Mama ta ce ni zan yanka da hannuna don in ci. Na yanka, nama ya ishi kowa, duk wanda ya karɓi nasa kuma sai ya tambaye ni ko yau ma sama ta ce ba za a yi ruwa ba.

Tun daga ranar na rage kawo hujja a garin da ba nawa ba. Idan dattijo ya ce maka ƙasar da kake tsaye a kanta za ta zama teku kafin la'asar, kada ka tsaya duban sama, ɗan'uwa, je ka kwance ragonka.