Kambun da Na Ci Ido a Rufe

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na zama zakaran dambe a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya ba, ni mai sayar da katifa, wanda ko takalmi na sunkuya ɗaurawa sai na yi nishi.

Bakina ne ya jawo mini. Kullum bayan la'asar mukan taru a shagon maƙwabcina Alhaji Mutari, mutumin Maraɗi mai sayar da atamfa, ana shan shayi ana kallon damben Turawa a talabijin. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda manyan 'yan damben nan ke gudun juna. Kowa ya ƙanƙame kambunsa yana zaɓen wanda zai iya duka, shekara ta zo ta wuce gwanaye biyu ba su haɗu ba. Na ce maganin abin a fili yake: a yi musu irin na ƙwallo, a jefa ƙuri'a, wanda aka buge ya koma gida, har a samu mutum guda.

Alhaji Mutari ya kurɓi shayi ya ce, "Ba ta ɗorewa. Ƙwallo in mutum ya ji ciwo sai a sa wani. Ɗan dambe huska guda gare shi, kuma da ita za shi wasa na gaba."

Na ce zan nuna masa. Dama samarinmu masu aikin gini sukan yi dambe ranar Juma'a a wani fili bayan wurin buga bulo, ana ɗan yi musu kari. Na bi 'yan kasuwa shago shago, suka amince za su riƙa biyan yaran kowane wasa, su sa rago, wani baduku kuma ya ɗinka ɗamarar fata ta zakara. Sharaɗinsu ɗaya ne: in gasar ta kai ƙarshe lafiya, kowace shekara suna ciki. In ta watse, kada in sake zuwa musu da maganar.

Ranar ƙuri'a mutum bakwai suka zo, ni kuwa takwas nake buƙata. Sai na sa sunana don cike gurbi, da niyyar in janye in bar wa abokin karawata hanya. (Wannan dabara a lokacin har yaba wa kaina na yi.) Kafin in janye, yaron ya samu aiki a garin Tazruk, ya hau babbar motar kaya ya tafi. Na haye. Wanda zan haɗu da shi a gaba kuma ya ci wasansa, amma ya karya yatsa wurin cin. Na sake hayewa. Ban ko naɗe hannu ba, sai ga ni a wasan ƙarshe.

A ɗaya ɓangaren kuwa Lawali ne ya share kowa. Lawali ɗan aminina ne tun daga Damagaram, a bayan shagona ya fara kwana da ya zo garin nan, kuma buhun siminti biyu yake ɗauka yana waya.

Na ce to shi ke nan, a ba Lawali ɗamara. Alhaji Mutari ya yi dariya har da buga cinya. "Wasa biyu ba a yi ba, na ƙarshen ma ba a yi? To mi muka biya? Ai maganata ta hito." Sauran 'yan kasuwa suka gyaɗa kai. Na duba na ga in ban shiga ba gasar ta mutu, yaran sun rasa abin da suka fara samu, ni kuma ba ni da sauran baki a wurin shayi. Na ce zan shiga. Shirina shi ne da ya taɓa ni in kwanta.

Ranar wasan fili ya cika, har daga ƙauyen Tit mutane suka zo. Alƙalin wasa shi ne Ahmadu, wani Buzu direba da ni na koya masa dokoki, na kuma ja masa kunne cewa babu sani babu sabo: duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi. Aka naɗe mini hannu, na tuɓe riga, tumbina ya gaisa da jama'a. Tsoro nake ji na gaske, ina karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa.

Ahmadu ya busa usur. Lawali ya taho, makaɗa suka tsagaita. Da ya iso gabana sai na ga ya yi ƙasa. Na ce shi ke nan, daga ƙasa zai ɗauko naushi ya sauke mini a haɓa. Na runtse ido, na rufe kai da hannu biyu, na ƙwalla ihun da duk filin ya ji: "Wayyo Inna!"

Naushi bai zo ba. Sai na ji murya daga wajen gwiwata: "Baba, ina wuni? An wuni lahiya?"

Ashe yaron bai gan ni ba tun safe, kuma tarbiyyar gidansu ba ta bar shi ya ɗaga wa abokin ubansa hannu bai gaishe shi ba. Ya durƙusa, gwiwa a ƙasa. Ahmadu ya busa usur ya ɗaga hannuna sama.

"Gaisuwa ce!" in ji ni. "Gaishe ni yake yi!"

"Gwiwa ya taɓa ƙasa," in ji Ahmadu da Hausarsa. "Kai ka ce babu sani."

Fili ya kece da dariya. Samari suka ɗauke ni a kafaɗa (sai da suka ƙara mutum), aka ɗaura mini ɗamarar da ta ƙi zagaye cikina, ana zagawa da ni ana rera "Wayyo Inna" da kiɗan kalangu. Kunya kamar in nutse, amma ba zan ɓoye muku ba, daga can sama da na hango Alhaji Mutari baki buɗe, wani daɗi ya ratsa ni. An yi wasan ƙarshe, an samu zakara. Ragon na ba Lawali a wurin, ya karɓa yana ba ni haƙuri.

Kafin Asabar hoton da aka ɗauka na wasan ya gama wayoyin garin. Da shekara ta zagayo sai da muka riƙa mayar da mutane, don kowane lebura ya ce in mai katifa ya ci, shi ma zai gwada. 'Yan kasuwa suka cika alkawari, Lawali ya ɗauki ɗamarar da ƙarfinsa, kuma har bana ana yi. Mun dai ƙara doka biyu: akwai 'yan jiran gurbi, kuma duk gaisuwa a gama ta a wajen fili.

Abin da na koya shi ne gasa irin wannan tana ɗorewa, muddin mai shirya ta ya tanadi wanda zai maye gurbin mai rauni, kuma wannan mutumin ba shi ba ne. Ni dai na ajiye dambe ba a taɓa kayar da ni ba. Yara in sun wuce shago sukan ce, "Sannu Wayyo Inna." Ina amsawa, don zakara ba ya wulaƙanta magoya bayansa.