Zabuwar Jatau Mai Cin Batir

A Adabka, in aka ambaci Jatau maharbi, ba mai tuna gadar da ya harbo a ƙuruciya. Abin da ake tunawa shi ne ranar da ya harbe rikodarsa. Dabara ce ta zo masa bayan kaka: ya ɗauki kukan zabuwar gida a kaset, ya kai rikodar daji ya ɓoye cikin sabara, ya kunna don zabin daji su taru. Ya jingina da kalgo yana jira, gyangyaɗi ya kwashe shi. Yana farkawa ya ji zabuwa na kuka kusa-kusa, bai tsaya tunani ba ya saki harba-ka-ruga. Kuka ya tsaya cak.

Gari ya yi dariya har ya ƙoshi. Ban da mutanen gidansa, mutum ɗaya ce ta san abin da ke ɗaya gefen kaset ɗin, wato Tasalla mai daddawa, taubashiyarsa. Muryar Marka ce, marigayiya matar Jatau, saƙon da ta taɓa aika wa ɗansu Shitu a Ikko. Bayan rasuwarta Shitu ya dawo wa uban da shi, kuma ba sauran muryarta a ko'ina sai nan. Tasalla ce ta kwashi tarkacen ta kai wa mai gyara a kasuwar Gummi. Ranar da ta dawo, kabu-kabu na sauke ta ta tarar da Jatau zaune a ƙofar gidanta.

"...da gajiyar hanya?"

"Gajiya ta bi lahiya. A'a, Sarkin Baka da kanshi! Ina rabona na naman? Ko kun cinye har da batir ɗin?"

"Ke dai baiwa ba ta iya gaisuwa ba. Ni hanya ce tab biyo da ni."

"Hanya? An ce tun azahar kana nan, har akuyata ta saba da kai. Ka yi mata nisa don Allah, tana kuka irin na rediyo."

"Tasalla, ki kiyayi bakinki. Ni da kike gani na taɓa riƙe kura da kunne a dajin Bukkuyum har gari yaw waye."

"Ina nan aka yi. Jakin Modibbo ne, kuma shi yar riƙe ka."

"Ƙarya kike! Lokacin ke kina ina? Kina bakin tukunyar kalwa, ƙudaje na yi miki fadanci."

"Ƙudajen ma sun hi zabinka zuwa in an kira su."

Jatau ya yi dariya kaɗan, ya gyara zaman hularsa. Idonsa na kan ƙullin da ke gefen zanenta, amma bakinsa ya ƙi zuwa wurin.

"Ba laihina ba ne. Dajin ne yaƙ ƙare. Da can in munka hita da asuba, zabi na tashi gabanmu kamar an watsa tsaba. Marka na jin harbi daga gida ta ɗora tukunya. Yanzu sai kututture da sawun gatari."

"Ta ɗora tukunya, ta sauke da kuka da daddawata. Ni fa nike ba ta."

"Mutanen Gummi suna lahiya?"

"Lahiya lau. Suna gaida maharbin da yak kashe labarun duniya da harsashi guda."

"Shi... wancan yaron mai gyara, yana nan dai?"

"Yana nan. Ya ce rikoda kam a yi mata sutura, ta riga mu gidan gaskiya. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda yas samu lasifika a tsakiyar ido haka ba."

Jatau ya hau zane ƙasa da tsinke. Tasalla ta zauna a kan turmi ta dube shi.

"Kai kuma bawan Allah, duk kaset-kaset ɗin duniya ka rasa inda za ka ɗauki zabuwa sai bayan wanga?"

"Shi kaɗai gare ni. Kuma ba ya hita daga ciki."

"To mi yak kai shi daji?"

"A gida in na kunna, surukai su bar daka su yi ta kallona. Can kuwa ba mai duba idon mutum. Kuma in tsoho zai ɗauki rikoda ya shiga daji kullum, ai sai ya ba mutane dalili."

"Au, zabuwar dalili ce?"

"Da farko. Daga baya na ce bari in gwada ko za su zo."

Tasalla ta kwance ƙullin ta fito da kaset a sabon kwanso, ta ɗaga shi sama.

"An sake mishi gida, an liƙe zaren inda yat tsinke. Wani wuri ya tahi, wani ya tsira. Amma ba ka taɓa shi sai ka faɗa da bakinka wa ke bawan wani tsakaninmu."

"Ni ne."

"Mi kac ce?"

"Ni ne bawanki, Tasalla. Ba ni."

Shekara sittin suna wannan gardama bai taɓa sakin mata ba. Tasalla ta shiga ɗaki ta daɗe fiye da yadda ɗauko rikodarta ke buƙata, ta fito tana goge fuska da gefen mayafi tana zagin ƙurar hanya. Ta saka kaset ta danna.

Aka ji shuuu, aka ji zakara daga nesa, sannan muryar Marka ta fito, da ɗan tarin nan nata: "...ka riƙa cin abinci, Shitu. Babanka lahiya lau, kullum yana daji. Bana dai ko gashin zabuwa bai kawo min ba. Na ce mishi ko rumbu aka aje gabanshi ba ya samu, amma kar ka gaya mishi, ni dai in ya dawo lahiya ya ishe ni..." Nan zaren ya kai wurin liƙi, murya ta yanke.

Tasalla ta ja hanci. "To ka ji. Ko rumbu. Shaidar wadda tas san ka."

Jatau ya matso da rikodar jikinsa, yana dariya, ruwa na bin gemunsa.

"Ai don ita na harba. Tana ciki, ta gani da idonta na samu. Mai da shi baya, uwar ɗakina, in sake ji."