Intabiyu a Kan Soron Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun Gwaggo Hajara ba, ko da yake na so a ce na manta. Shekara uku ina yawo da takardu a Kano babu aiki, sai ga wani kamfani na Legas ya sa mini ranar intabiyu ta bidiyo, ƙarfe sha ɗaya na safe. Kafin ranar ta zo Allah Ya yi wa Gwaggo rasuwa a ƙauyenmu, can gaba da Makoɗa. Na saɓi jakar kwamfuta na tafi, ina ganin ai jona waya da kwamfuta ba wani abu ba ne.

Sabis ɗin ƙauyen kuwa, kira yana shiga, amma in ka buɗe shafi sai ka je ka yi alwala ka dawo ka tarar yana ta juyi. Baffa Sule, ƙanin mahaifina, ya ba ni shawara in bi babur da sassafe zuwa cikin gari. Ni kuma mai digiri na zaunar da shi ina yi masa bayanin cewa tudu kawai sabis yake so. (Har zane na yi masa a ƙasa da tsinke, Allah Ya yafe mini.) Ya ce to, ku ne 'yan boko.

Ranar intabiyun, wadda ta zo daidai da sadakar uku, ana zaman makoki a ƙofar gida, na sulale na kafa tsani na haye soron Baffa. Sabis ya cika taf. Na jingina wayar a jikin zanko, na toshe kunnuwa da abin sauraro, na gyara wuyan riga.

Abin da na manta shi ne, a garinmu ba a hawa soro ko bishiya sai an ɗaga murya an ce za a hau sama, don matan maƙwabta su kimtsa. Tun ina yaro na san wannan. Ga shi bayan wayata ya kalli tsakar gidan Malam Idi maƙwabcinmu, inda mata suke ta girkin sadaka da ɗaurin ƙirji.

Ina cikin gaya wa mutum uku a fuskar kwamfuta yadda na iya zama da jama'a, sai ga hogen ƙasa da aka jefo ya fashe kusa da ƙafata. Na cire abin kunne.

"Ɗan gidan uban wa ne yake ɗaukar iyalina hoto?" in ji Malam Idi.

Masu makoki duk suka miƙe suna kallon sama. Baffa ya zo gindin tsani, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Sauko."

Sabis ɗin da ya kwana biyu yana wahalar da ni, a wannan lokacin ko gezau bai yi ba. Komai ya isa Legas tas. Wata daga cikin masu intabiyun ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, sannan suka ce za su neme ni. Har yau suna nema.

A gaban liman da dattawa aka bincika wayata, ba a ga komai ba. Duk da haka sai da Baffa, wanda ranar yake karɓar gaisuwar yayarsa, ya durƙusa a zauren Malam Idi yana ba da haƙuri. Wallahi wannan ya fi rasa aikin ci mini rai. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na ji sauƙi.

Washegari na bar garin kaina a sunkuye. Na dai gane cewa kafin mutum ya damu da ko ana jin sa a Legas, ya fara tabbatar maƙwabci ya ji shi. Yanzu ko kujera zan taka in sauya ƙwan fitila a ɗakina, sai na yi gyaran murya.